Buhun PICS da lissafin magidancin da ke son sayen wake da kaka

Duk magidancin da ke fita cefane ya san cewa wake yana da farashi biyu a shekara. Akwai farashin kaka, lokacin da sabo ke shigowa kasuwa daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, akwai kuma farashin tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, manomi ya kai abin da ya rage masa gona ya shuka, 'yan awo kuma suka fara faɗin kuɗin kwano ba tare da sun ɗago kai sun dubi mai saye ba. Kowa ya san wanda ya sayi na shekara a farashin farko ya tsira daga na biyu. Abin da ke hana yawancin mutanen birni yin hakan abu biyu ne, wato rashin dunƙulallen kuɗi a hannu da kuma ƙwaro, kuma buhun da zan yi sharhi a kansa, wato buhun PICS na ajiyar hatsi mai hana iska shiga, maganin ƙwaron kaɗai yake yi. Na faɗi wannan tun da wuri ne domin wasu masu tallarsa sukan yi magana kamar shi ne zai kawo ƙarshen tsadar rayuwa baki ɗaya.

Ita tsadar ba ta buƙatar dogon bayani ga wanda ya rayu a Najeriya tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, sannan a watan da ya biyo baya aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Kuɗin mota ya hau, kuɗin taki ya hau, aka kuma rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin watan Yulin wannan shekara, alhali Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Najeriya, kuma wakenta mai yawa ta Maigatari da Mai'adua da Illela yake shigowa. A watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, wake kuwa yana cikin kayan da suka fi yin tashin gwauron zabo, domin kilo ɗaya na jan wake da ake saye naira 700 da 'yan kai a Satumbar 2023 ya wuce naira 2,700 a Satumbar 2024. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024 bai kai kuɗin rabin buhu ba a kasuwanni da dama a wancan lokaci, har garau-garau, da aka san shi da abincin rufin asiri, ya koma na marmari a gidaje masu yawa.

Buhun PICS, idan aka gan shi a ninke a shagon masu sayar da kayan noma, ba shi da wani kwarjini. Hawa uku ne: buhun saƙa na roba irin wanda aka saba gani a waje, sai ledoji biyu masu kauri a ciki, kowace kaurinta maikiron 80, wato ƙasa kaɗan da kashi ɗaya cikin goma na milimita, ba a liƙe suke da juna ba, kuma ba a liƙe suke da na wajen ba. Ana yin mai cin kilo 50 da mai cin kilo 100. Babu magani a jikinsa, babu hoda, babu ƙwaya, kuma wannan ne ke sa wanda ya fara ganinsa yake tambayar mai shago inda aikin yake. Aikin yana cikin hana iska shiga.

Asalinsa daga binciken da wani masanin ƙwari na Jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana ta Amurka, Larry Murdock, ya yi ne tare da masana na Kamaru a yankin Marwa a ƙarshen shekarun 1980, inda suke neman hanyar da ƙaramin manomi zai ajiye wakensa ba tare da guba ba. Bai bazu sosai ba sai daga 2007, da gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗin yaɗa shi a ƙasashe goma na yammaci da tsakiyar Afirka, ciki har da Najeriya da Nijar, kuma a Kano kamfanin Lela Agro ya shiga ƙera shi. Malaman gona sun bi ƙauyuka da wata dabara mai kyau: a tara jama'a da kaka, a cika buhu a gabansu a ɗaure, sannan bayan watanni a sake tara su a kwance a gaban kowa. Manomi ba ya yarda da abin da bai gani da idonsa ba, kuma da wannan ganin ne buhun ya samu shiga a Kano da Jigawa da Maraɗi da Damagaram. Da farko don wake kaɗai aka yi shi, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa masara da dawa da sauran amfanin gona.

Domin a gane dalilin da ya sa yake aiki, sai an san halin ƙwaron wake. Mutane da yawa suna zaton daga ɗakin ajiya yake shiga, alhali tun a gona yake fara yin ƙwai a jikin ɓawon wake, don haka waken da ka gani fes a kasuwa, ba huji ko ɗaya, akwai yiwuwar da 'yan haya a cikinsa. Tsutsar tana ƙyanƙyashewa ta kutsa cikin ƙwayar, ta ci ta girma a ɓoye, bayan mako uku zuwa huɗu ta huda ta fito a matsayin ƙwaro, ta sake zuba ƙwai masu yawa a kan sauran ƙwayoyin. Idan aka yi wannan zagaye sau uku ko huɗu a cikin zafin bazara, abin da zai rage a buhu sai gari da wari da ƙwayoyi masu huji ta kowane gefe, waɗanda ko a ƙosai ba sa tashi yadda ya kamata. A cikin buhun da aka toshe kuwa, ƙwarin da kansu suke shaƙe iskar oksijin da ta rage. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne, kuma da zarar ta faɗi ƙasa sosai a cikin ledar, sai ƙwarin su daina ci, su daina haihuwa. Binciken masanan ya kuma nuna cewa ƙishirwa ce ke ƙarasa su, domin a cikin busasshen wake ruwan da tsutsar ke samu daga sarrafa abinci da oksijin yake fitowa, idan babu oksijin babu ruwa. Leda ta biyu tana nan ne saboda ko da ta farko ta samu ɗan huji, akwai sauran shinge.

Sai dai sayen buhun shi ne mafi sauƙin aikin, kuma duk wanda ya ce maka zuba kawai za ka yi ka ɗaure, bai gaya maka gaskiya duka ba. Wake sabon cira sau da yawa bai gama bushewa ba, musamman idan manomi ya matsu da kuɗi ya kai shi kasuwa da wuri. Dole a baza shi a tabarma ko tamfol ya sha rana, a sheƙe shi, a tsince tsakuwa da tsinke da ɓawo, domin tsinke ɗaya mai kaifi ya isa ya huda leda. Gwajin da mata suka gada shi ne na haƙori: idan aka ciji ƙwaya ta fashe da ƙara, ta bushe, idan kuwa haƙori ya nutse a cikinta, da saura. Akwai kuma gwajin gishiri, wanda ya fi dacewa da masara, inda ake zuba busasshen gishiri da ɗan hatsi a busasshiyar kwalba, a rufe a girgiza, a bar shi na ɗan lokaci, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar to akwai sauran danshi. Bayan shanya kuma ba a zuba shi da zafin rana a jikinsa, sai an bar shi a inuwa ya huce, in ba haka ba zai yi gumi a cikin leda.

Kafin a zuba komai, ana kama kowace leda a buɗe bakinta ta kwashi iska, a murɗe bakin, a danna ta da hannu ana sauraro. Idan tana sacewa, akwai huji, sai a nemo shi a liƙe da salatif mai ƙarfi ko a mayar wa mai shago. Daga nan a sa leda ɗaya cikin ɗaya, a zuba kwano biyu ko uku domin gindin ya zauna, a saka su cikin buhun saƙar, a naɗe bakunan gaba ɗaya zuwa waje, sannan a ci gaba da zubawa ana jijjigawa domin waken ya danƙare, kada a bar lungun da iska za ta fake. Ba a cika shi har baki, ana barin isasshen wuri na ɗauri. Ɗaurin shi ne zuciyar aikin. Ledar ciki ake fara kamawa, a matse iskar da ke sama da tafin hannu, a murɗa wuyan sosai har ya zama igiya, a lanƙwasa shi gida biyu, a ɗaure tam da igiya ko da robar tsohon tiyub na babur, wadda a ganina ta fi igiya domin ba ta yanka leda. Sai a yi wa ta biyu haka, a yi wa na waje haka, kowanne da ɗaurinsa daban. Aiki ne na mutum biyu, ɗaya na riƙe da baki ɗaya na zubawa, kuma idan an yi shi daidai buhun yakan tsaya da tauri kamar dutse.

Abin da ake tararwa ranar kwancewa shi ne ya sa nake ganin buhun ya cancanci kuɗinsa. Waken da aka ɗaure a Disamba, aka kwance a tsakiyar damina, yana fitowa da haskensa, babu gari a gindin leda, babu warin nan na tsohon wake da ke bin hannu. Za a ga 'yan matattun ƙwari kaɗan, waɗanda suka shiga da shi tun farko, kuma sheƙa ɗaya ke fitar da su. Farin wake irin kanannado yana dahuwa yadda aka san shi, ƙullun alale da na ƙosai suna tashi, kuma wanda ya ajiye don iri zai iya shukawa ya tsiro. Abin da ya fi wannan duka muhimmanci a wurina shi ne uwargida ba ta buƙatar ta wanke shi sau da yawa tana sunsunawa kafin ta ɗora tukunya.

Wannan sunsunawar tana da dalili. Hanyar da ta zama ruwan dare a wurin masu ajiyar wake ita ce zuba masa magani, ko dai ƙwayar nan da ake kira bom, wadda ake ƙulle wa a tsumma a cusa cikin buhu tana fitar da hayaƙi mai guba, ko kuma yayyafa masa ruwan fiya-fiya da danginsa, waɗanda tun farko ba don abinci aka yi su ba. Ƙwayar bom tana da ƙa'idar aiki a manyan rumbunan ajiya da ba a kwana a cikinsu, amma a gidan haya mai ɗaki biyu, inda buhu ke kwana kusa da yara, hatsari ce tsantsa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin kashe ƙwari mai suna dichlorvos da aka samu a jikinsa, kuma an yi ta tsawaita hanin a shekarun da suka biyo baya. A 2018 hukumar kare haƙƙin masu saye ta gargaɗi jama'a bayan da aka ga hotunan wasu 'yan kasuwa suna zuba wa wake irin wannan magani. Turawa sun iya rufe ƙofarsu, mu kuwa waken a tukwanenmu ya ƙare. Mai sayen kwano ɗaya a watan Yuli ba shi da hanyar sanin abin da aka zuba wa waken a watan Janairu, amma wanda ya sayi sabo da kaka ya ɗaure da hannunsa ya san tarihin abin da yake ci.

Ta fuskar kuɗi, lissafin ba shi da wahala idan aka yi shi da kwano maimakon naira, tunda naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. Babban buhu yana cin kwano 40 ko kusa da haka. Gidan da ke cin kwano uku zuwa huɗu a wata zai yi kusan shekara da buhu ɗaya. Kuɗin buhun PICS, a duk lokacin da na saya, bai wuce kuɗin kwano ɗaya ko biyu na wake ba, kuma idan aka kula da shi yana yin kaka biyu ko uku kafin ledojin su gaji. Ke nan ko da kwano huɗu kacal ya hana ƙwaro ci, ya biya kansa, balle a zo ga bambancin farashin kaka da na damina. Amma mai son gaskiya sai ya ƙara da kuɗin mota zuwa Dawanau ko kasuwar ƙauye, da kuɗin dako, da la'adar dillali idan an bi ta hannunsa, da kuma abin da zai fita a sheƙa da tsinta, wanda yakan kai kwano guda ko fiye idan ba a dace da mai tsabta ba. Bayan an cire waɗannan, a shekarar da farashi ya bi al'adarsa, akwai riba bayyananniya.

Ba kowace shekara ce farashi ke bin al'adarsa ba, kuma 2025 ta koya wa mutane wannan darasi da zafi. Bayan da gwamnatin tarayya ta buɗe ƙofar shigo da wasu kayan abinci ba tare da haraji ba na tsawon kwana 150 a 2024, ciki har da masara da wake, sannan damina ta yi kyau, naira kuma ta ɗan natsu, sai farashin hatsi ya riƙa sauka a watannin da aka saba ganin yana hawa. Waɗanda suka saya da kakar 2024 suna jiran damina sun wayi gari abin da ke cikin sitonsu bai kai kuɗin da suka zuba ba. Buhun ya yi aikinsa, waken lafiya lau, amma kasuwa ta juya. Ga magidancin da ya saya don ci, asarar ba ta kai ta ɗan kasuwa ba, tunda abincin na nan kuma za a ci shi, sai dai idan bashi ya ciwo ya saya, musamman bashin manhajojin waya mai kuɗin ruwa, to a nan ya haɗa wa kansa zafi biyu. Ra'ayina shi ne kada a ci bashi don sayen kaka. Hanyar da na ga ta fi tsari ita ce a daidaita kwasar adashi ta faɗo a Nuwamba ko Disamba, ko kuma gida biyu ko uku su haɗa kuɗi su sayi buhu ɗaya a raba, kowa ya ɗaure nasa a ƙaramin buhu.

Akwai wani amfani da ban taɓa jin masu talla sun ambata ba, kuma shi ya fi kusa da maganar tsimi da tanadi. Buhun hatsi a buɗe a cikin gida yana canza hannun mai awo. Inda da za a auni gwangwani huɗu, sai a kamfata da kwano ba tare da an duba ba, saboda ido yana ganin akwai, kuma kowa ya san yadda buhun da aka yi wa lissafin wata shida ke ƙarewa a wata huɗu ba tare da an iya cewa ga inda ya tafi ba. Buhun PICS kuwa kwance shi aiki ne, mayar da ɗaurinsa ma aiki ne, sannan duk buɗewa tana shigar da sabuwar iska, don haka dole gida ya koma ɗiban na wata guda a lokaci ɗaya, a zuba a bokiti mai murfi, a mayar da ɗauri uku. Wannan takurar ita ke sa a san abin da gida ke ci a wata, wanda magidanta da yawa ba su taɓa sani ba. Ba ina nufin a hana maƙwabci ko ɗan'uwa idan ya aiko ba, wannan ba halin kirki ba ne, kuma ba a wannan zamani da kowa ke neman rufin asiri ba. Abin da nake nufi shi ne kyautar ma takan zama da niyya da awo, a san an bayar, maimakon ta zube ta gefe ba lada ba la'ada.

Babban abokin gabarsa ɓera ne. Leda ba ta da ƙarfin haƙorinsa, kuma huji ɗaya a gindi ya rusa dukan shirin, sau da yawa ma ba za a lura ba sai ranar da aka ga ƙwari suna yawo a bakin ɗauri. Ana cewa tunda ƙanshin hatsi ba ya fita sosai, ɓera bai cika damuwa da shi ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ban ga wanda zai dogara da hakan a gidan da ɓeraye suka riga suka yi sansani ba. Dole a ɗora shi a kan katako ko bulo, a janye shi daga bango, a share kewayensa, a kuma riƙa leƙa shi. Ba ya son rana kai tsaye, ba ya son ja a ƙasa, ba ya son ƙugiyar 'yan dako, balle ƙarfen nan mai rami da 'yan kasuwa ke soka wa buhu don su ga samfurin hatsi. Saboda haka ba a zuwa da shi kasuwa a ce a auna a ciki, a buhun gama-gari ake kawo hatsin gida, a gyara shi, sannan a juye a inda zai zauna, domin mai kilo 100 idan ya cika ba ya ɗaguwa cikin lalama. Idan kuma aka ɗaure hatsi da danshinsa, buhun ba zai busar da shi ba, zai dai tsare danshin a ciki har ya lalata shi, kuma masara da gyaɗa sun fi wake saurin nuna wannan.

Sai matsalar jabu, wadda ta biyo bayan karɓuwarsa. Akwai masu haɗa buhun saƙa da siraran ledoji su sayar a rabin kuɗi, kuma wani mai shago ya taɓa miƙo mini irinsa yana cewa, "Yallaɓai, ai duk ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta." Ba ɗaya ba ne. Ledar gaske idan ka ja ta tsakanin yatsu tana da tauri da nauyi, ba ta miƙewa da sauƙi, ta jabu kuwa yatsa na iya ratsa ta, kuma iska na bi ta jikinta ko da babu huji. Araha ba ta ado, musamman idan abin da za a damƙa mata ya ninka kuɗinta sau talatin. Akwai wasu kamfanonin da ke yin nasu buhunan masu hana iska shiga da wasu sunaye, wasunsu da leda ɗaya mai ƙarfi, kuma ba jabu ba ne, amma a sayi kowanne a wurin dillalin kayan noma da aka sani, a duba tambari, a gwada ledar a gabansa. A cikin birni ma samunsa ba ya da sauƙi kamar a garuruwan noma, kuma da kaka ta kankama yakan yi wuya ko ya ƙara kuɗi, don haka gara a saye shi tun Satumba a ajiye.

Adalci ne a ce buhun ba shi ne ya fara wannan hikima ba. Iyayenmu sun ajiye wake a cikin toka da yashi da barkono, kuma tokar tana aiki idan ta yi yawan da za ta cike tsakanin ƙwayoyin, sai dai wahalar wankewa. A yau kuma babban abokin takararsa ita ce jarkar mangyaɗa mai cin lita 25, wadda mata suka daɗe da gano cewa idan aka wanke ta tas, ta bushe, aka cika ta da wake har wuya, aka sa leda a bakin aka murɗa murfi, ƙwaro ba ya rayuwa a ciki. Hikimar ɗaya ce, kuma jarka ta fi buhu ta wajen ɓera, ta fi shi daɗewa, sannan ana iya buɗe ɗaya a bar sauran a rufe. Inda ta gaza shi ne tana cin wuri, zubawa da juyewa ta ƙaramin baki na cin rai, wadda ba ta wanku ba tana sa wa wake warin mai, kuma kuɗin jarkoki biyar da za su ɗauki abin da buhu ɗaya ke ɗauka ya fi kuɗin buhun nesa. Durom na ƙarfe mai murfi ya fi su duka ƙarko, amma sai mai hali da fili.

Game da sauran hatsi, masara ce ta biyu da ta fi cin moriyarsa, domin ita ma ƙwaro ba ya raga mata, sai dawa. Gero kuwa, a abin da na gani, yana jure ajiyar 'yan watanni a buhun gama-gari idan ɗakin a bushe yake, don haka wanda kuɗinsa bai kai ya sayi buhu da yawa ba, ya fara da wake.

Akwai masu jin nauyin sayen buhu su ajiye, saboda sunan da ɓoye abinci ya yi a 'yan shekarun nan, musamman bayan da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu manyan rumbunan ajiya a yankin Dawanau a Fabrairun 2024 bisa zargin ɓoye kaya. Malamai sun daɗe da bambanta tanadin abincin iyali da kwashe abin da ke kasuwa a lokacin ƙunci domin a jira ya yi tsada, kuma buhu ɗaya ko biyu da aka saya lokacin da wake ya yi yawa har manomi ke neman mai saye bai shiga sahu na biyu ba. Hasali ma manomin da ya fi kowa buƙatar wannan buhu shi ne wanda tsoron ƙwaro ke sa shi ya zubar da wakensa a farashin kaka, sannan ya dawo da damina ya sayi kwano a hannun wanda ya saya daga gare shi.

Hukuncina shi ne buhun PICS kaya ne mai kyau da ke cika alƙawarin da aka yi shi dominsa, matuƙar an busar da hatsi, an yi ɗauri uku da kyau, an kuma tsare shi daga ɓera. Ya dace da gidan da ke cin wake a kai a kai, yake da busasshen lungun ajiya, kuma yake iya tara kuɗin rabin buhu ko fiye da kaka ba tare da bashi ba. Ga irin wannan gida ina ganin ƙanana biyu masu kilo 50 sun fi babba ɗaya, domin ana iya ɗaga su, kuma ɗaya zai zauna a rufe har sai ɗayan ya ƙare. Gidan da abin da zai iya saye bai wuce kwano goma ba, ko wanda ke zaune a ɗakin hayar da ɓeraye suka fi ƙarfinsa, jarka ɗaya wankakkiya za ta yi masa wannan aikin, kuma wataƙila tana nan a bayan ɗakin girki ba a amfani da ita.